Danniya ce ko tare hanya? Muhawara kan hukuncin wasan ƙarshe na gasar mutum-mutumi a Katsina

Malamin Fiziks, Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na bari sai da rai ya huce kafin in kawo maganar nan. Ga waɗanda ba su samu zuwa ba ranar Asabar: mun yi wasan sada zumunci tsakanin kulob-kulob na makarantu da dokokin gasar mutum-mutumi ta VEX, na wasan High Stakes na kakar 2024 zuwa 2025, tunda kayan filinsa ne a hannunmu. Kowane ɓangare ƙawancen tawaga biyu ne, kowace da na'urarta da ɗalibai ke tuƙawa da rimot; a wasan ƙarshe yarana mata suna ɓangaren ja, yaran Injiniya na Daura suna shuɗi. Na'urar Daura ta ɗauko turke mai zobba shida ta nufi kusurwar da ke ninka maki, tamu ta tare ta a jikin bango. Rafali ya ƙirga har huɗu, direbarmu ta ja baya, ta sake komawa, sai muka ji biyar, shida. Da lokaci ya cika muna gaba da maki kaɗan, amma aka soke mana wasan aka ba shuɗi.

Ba zargin kowa nake ba. So nake in fahimci dalilin da ya sa aka ɗora daga huɗu maimakon a koma ɗaya, tunda yarinyar ta sake su. Kuma ina son in san laifin da abokan ƙawancenmu suka yi, yaran da ko kusa da wurin ba su je ba, har aka haɗa da su.

Rafali:
Wa alaikumus salam Malam. Na ji daɗi da ka kawo ta nan, don a fili yaran kawai na samu damar yi wa bayani. Dokar G16 ce a kundin dokokin kakar. Ba a hana riƙe abokin karawa ba, an hana riƙon ya wuce ƙirgen biyar. Riƙon kuma iri uku ne: ka danne shi da bango ko da wani abu na fili ya kasa motsi, ko ka ritsa shi a wurin da bai fi tayil ɗaya ba babu mafita, ko ka ɗaga shi tayoyinsa su bar ƙasa. Na ranar Asabar dannewa ne.

Ja da baya kaɗai ba ya kashe ƙirge. Sai an samu tazarar ƙafa biyu, wato faɗin tayil guda na sosan da muke shimfiɗawa. Ko an samu tazarar ma, in ka koma kan na'urar nan kafin wani ƙirgen biyar ya cika, daga inda aka tsaya ake ɗorawa. Direbarku ta ja baya abin da bai kai rabin tayil ba, ta dawo nan take. Ta kowace fuska aka duba, huɗun nan tana nan da ranta.

Malamin Fiziks, Ƙofar Ƙaura:
To na ji wannan. Amma ƙanena, ƙirgen naka ya yi sauri. Ni da nake tsaye a gefe, daga ɗaya zuwa huɗu ban ga daƙiƙa huɗu ba.

Anti Mai Kwamfuta, Dutsin-Ma:
Malam, a nan akwai abin lura. Tsofaffin kundaye, irin na wasan Spin Up na 2022 zuwa 2023, daƙiƙa biyar suka ce. Daga baya aka mayar da shi ƙirgen biyar na bakin rafali. A fahimtata an yi haka ne don kada a riƙa zuwa da agogon waya ana cewa saura rabin daƙiƙa. Abin da direba zai bi shi ne muryar rafali. Sai dai hakan ya ɗora wa rafali nauyi babba: ƙirgensa ya zama iri ɗaya tun wasan safe har na ƙarshe, kuma iri ɗaya ga ja da shuɗi. In yana da sauri ga kowa, yara za su saba kafin azahar. In ya canza a wasan ƙarshe, nan ne za a ce an cuci wani.

Rafali:
Haka ne Anti. Da bugun da na fara da safe na gama da yamma. Yaran Daura ma na ƙirga masu har huɗu a zagaye na biyu, suka ja baya tayil guda da rabi, suka tafi harkarsu.

Maman 'Yan Biyu:
Salamu alaikum. Ni ba malama ba ce, ban san G nawa ba, amma ɗiyata ce ke riƙe da rimot ɗin. Ta dawo gida ko abinci ba ta ci ba. Abin da ta gaya mani shi ne ba ta ji huɗu ba sam. Janareto na ƙara a bayan taga, yara na ihu, ita idonta na kan fili. Uku ta ji, ta ja baya don tana ganin ta bi doka, sai ta tsinci biyar. Kuma ina da bidiyon a wayata tun daga farko har ƙarshe. Na miƙa wa yaron nan rafali ya duba, ya ce mani cikin ladabi ba zai iya ba. Mi ya hana? Ga gaskiya a hannu a ce ba za a kalla ba?

Ku sani sai da na yi da gaske kafin mahaifinsu ya yarda 'yan mata su riƙa tsayawa bayan an tashi makaranta suna ɗaure-ɗauren ƙarafa. In abin zai zama kuka, ban san me zan ce mashi ba.

Rafali:
Hajiya, Allah ya huci zuciyarki. Ba raini ba ne wallahi. Kundin ne ya hana babban rafali duba hoto ko bidiyo don yanke hukunci ko ƙirga maki. Kuma ya ce ƙorafi daga bakin ɗaliban da ke tsaye a wurin tuƙi zai fito, ba daga manya ba, su tsaya a wurinsu bayan wasa har rafali ya zo ya saurare su. 'Yarki ta yi hakan, ta tsaya ta yi mani tambaya a natse, na amsa mata. Ban ga wanda ya bi wannan ƙa'ida kamar ita ba a ranar.

Dalilin hana bidiyo, a ganina, adalci ne. Ke kina da waya mai kyau kuma kin samu wurin tsayuwa. Yaran da suka zo daga ƙauye a motar haya babu wanda ya ɗauka masu. In aka buɗe ƙofar, mai bidiyo ya fi marar bidiyo ƙarfi ke nan. Ga shi kuma waya daga kusurwa ɗaya take gani, ba ta nuna tazarar ƙafa biyu daidai.

Maman 'Yan Biyu:
Na fahimta ɗana. Amma maganar rashin ji fa? Wannan ba laifin yarinya ba ne.

Anti Mai Kwamfuta, Dutsin-Ma:
Hajiya ta taɓo inda ya fi damuna. Doka ta rataya komai a kan ƙirgen rafali, to dole ƙirgen ya isa kunnen direba ko idonsa. A manyan gasanni za ka ga rafali ya nuna na'urar da ke riƙo, yana sara iska da hannu da kowane ƙirge, yadda ko ba ka ji ba ka gani. Mu kuma a ɗakin taro muke mai amsa kuwwa ga janareto. Wannan gyaran namu ne mu masu shiryawa. Kuma masu tsayawa wurin tuƙi har uku doka ta yarda da su. Ɗaya a cikinsu aikinsa ya zama kallon hannun rafali kawai, yana faɗa wa direba a kunne.

Injiniya, Daura:
Jama'a barkanmu da war haka. Ni aka ba nasara, amma ban dawo Daura da farin ciki ba, kuma zan faɗi abin da wasu ba za su so ba. Ni matsalata ba huɗu ko biyar ba ce. Matsalata wannan salon wasa ne gaba ɗayansa.

Yarana sun yi wata da watanni suna gina abin ɗaukar zobba. Sarƙa ta tsinke, su sake. Ƙugiya ta ƙi ɗora zobe a kan turke, su canza kwana. Sun koyi giya, sun koyi lissafin juyi, sun rubuta umarnin daƙiƙa 15 na farko da na'ura ke tuƙa kanta. Sai a zo fili, na'urar da ba ta ɗauki zobe ko ɗaya ba a wasan ta zo ta matse su da bango, ta lanƙwasa masu ƙarfen gaba. Kun san nawa ake sayen ƙarfe ɗaya yanzu, da dala, a jira shi makonni? Me muke koya wa yara in muka ce wannan ma hanya ce ta cin wasa? Shawarata a wasanninmu na gida a hana taɓa juna kwata-kwata. Wanda ya fi gini ya ci.

Malamin Fiziks, Ƙofar Ƙaura:
Injiniya, da girmamawa, wannan magana ta yi wa yarana nauyi. Na'urarsu tana ɗaukar zobba, a wasannin share fage ka gani da idonka. A wasan ƙarshe su da abokan ƙawancensu suka zauna suka raba aiki: ɗaya ta ci maki, ɗaya ta hana. Kuma ƙarfin turin da ka gani ba daga sama ya faɗo ba. Doka ta ba kowa wat 88 na moto, ba ƙari. Ku kun zaɓi giyar shuɗi mai juyi 600 a minti don gudu. Su sun zaɓi kore mai 200, suka sa batir da nauyi can ƙasa, suka sa tayoyin roba masu kama ƙasa a tsakiya. Sun sayar da gudu sun sayi ƙarfi, da saninsu. In wannan ba injiniyanci ba ne, ban san me nake koyarwa a aji ba.

Baba Mai Walda, Ƙofar Marusa:
Ku yi haƙuri in sa baki, ni da na haɗa maku bangon filin. Injiniya ɗana, mu da muka yi langa a dandali mun san in ka hana tare ruwa, ka kashe wasan. Wani aikinsa ya kai ga sha, wani aikinsa ya hana, wani ya buɗe wa nasu hanya. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne mugunta. Wanga wasa naku haka na gan shi, biyu da biyu a fili ɗaya, dole a gogi juna.

Amma ga abin da na lura da shi ina zaune kusa da kusurwar. Bangon namu ƙarfen kwana ne, yana da leɓe daga ciki. Da aka tura na'urar Daura, gefenta ya hau leɓen ya maƙale. Ko da yarinyar ta ja baya, ba su iya zamewa nan take ba. A bango mai santsi da sun sulale sun wuce. Ku kawo mani shi shago in goge leɓen in liƙa mashi falle mai santsi daga ciki. Ƙafa 12 sau huɗu ne, ba aikin kwana biyu ba ne.

Ɗalibin Jami'a:
Baba ya ga abin da da yawa ba su gani ba. Ina ƙara da cewa tayoyin na'urar Daura duka huɗu irin masu ƙananan rola ne a jiki, waɗanda ke sa juyawa ta yi sauƙi. Amfaninsu ke nan, illarsu kuma duk wanda ya zo maka ta gefe zai share ka kamar a kan kankara, don rolar ba ta turjiya ta wannan fuskar. Yaya Injiniya, ko taya biyu masu kama ƙasa kuka sa a tsakiya, da ba a kai ku bango cikin sauƙi haka ba.

Kuma a kan ƙarfen da ya lanƙwashe, dokar G13 fuska biyu gare ta. Ta hana dabarar da manufarta kawai lalata na'urar wani ce, ko kifar da ita, ko sarƙe ta. Amma ita dai dokar ta ce wasa ne na cuɗanya, kowa ya gina tasa yadda ƙaramin karo ba zai kifar da ita ko ya ɓalla ta ba. Abin ɗaukar zobbanku ya leƙo waje babu kariya.

Injiniya, Daura:
Ƙanena, na karɓi maganar taya. Ta ƙarfen ce ban karɓa ba. Karon farko na yarda tare hanya ne. Na biyun fa, da ta ja baya ta dawo da gudu? Rafali, me ya sa ba ka duba wannan a matsayin lalatawa ba?

Rafali:
Yaya Injiniya, na duba. Wannan dokar ba ta buƙatar sai abin ya canza sakamako, in na ga ganganci ko wuce gona da iri zan iya korar tawaga a kanta kaɗai. Amma ban ga haka ba. Daga ƙasa da rabin tayil ta dawo, babu wurin ɗaukar gudu. Ta daki gefen jiki, ba ta nufi abin ɗaukar zobba ba, bango ne ya lanƙwasa shi da kuka juya. Ba ta shiga ƙarƙashinku ta ɗaga ba. Shi ya sa hukuncina a kan riƙo ne kawai. Da na ga tana ja da baya tayil uku tana dawowa tana dukan wuri ɗaya, da maganar ta canza.

Malamin Fiziks, Ƙofar Ƙaura:
To bari in zo inda har yanzu zuciyata ba ta kwanta ba. Na yarda an wuce biyar. Amma kundin ya raba laifi gida biyu, ƙarami da babba. Ƙarami gargaɗi ne. Babba ne ke jawo kora, kuma mafi yawa sai in laifin ya canza wanda ya ci wasan. Ƙirge ɗaya ko biyu aka wuce. Ta yaya ka tabbatar cewa wannan ɗan lokacin ne ya hana su ci?

Rafali:
Ga lissafin da na yi, Malam, kuma sai bayan an gama ƙirga maki na yi shi, kamar yadda aka tsara. Turken Daura na da zobba shida, duka shuɗi. Biyar na ƙasa maki ɗai-ɗai, na sama maki 3, jimla 8. In ya shiga kusurwar ninki ya zama 16. Bambancin 8 ke nan. Kusurwar ninki biyu ce a filin, ɗaya tuni tana hannun ja. A cikin lokacin da aka wuce ƙa'ida ana riƙe da su ne abokan ƙawancenku suka sa nasu turken a wadda ta rage, kuma turke ɗaya kusurwa ke ɗauka. Tazarar da kuka ci da ita ba ta kai 8 ba. Sai na tambayi kaina: da an sake su a kan lokaci, akwai hanyar da za ta kai su kusurwar nan kafin ja? Tayil biyu ya rage masu. Na ga akwai.

Malamin Fiziks, Ƙofar Ƙaura:
Akwai hanya daban, tabbas daban. Da yarinyar ta ja baya tayil guda ta tsaya a tsakaninsu da kusurwa ba tare da ta taɓa su ba, ai ba riƙo ba ne, tunda suna da sauran fili su zagaya. Da haka ma ba su isa ba. To ka ga halastacciyar hanya ma za ta ba da sakamako iri ɗaya.

Ɗalibin Jami'a:
Malam, maganarka gaskiya ce ta fuskar dabara, tare hanya ba tare da dannewa ba babu ƙirge a kansa ko minti guda za a yi, in dai akwai mafita. Amma rafali ba ya hukunci da abin da da an yi. Abin da aka yi yake dubawa. Kuma inda shakka ta shigo, G14 ta riga ta faɗi inda za a karkata: in an rasa tabbas tsakanin mai neman maki da mai hanawa, mai neman maki ake ba gaskiya. Na'urar Daura na ɗauke da turke, taku hannunta wayam. Babu ruɗani a kan wane ne wane.

Ni ina ganin hikimar dokar. Hanawa ta fi ci sauƙi nesa ba kusa ba. In aka bar su kunnen doki a wurin shakka, kowa zai koma gina akwatin turi, abin da Yaya Injiniya ke tsoro ya tabbata. Sai aka bar hanawa halas, amma aka ce wanda ya zaɓe ta shi zai ɗauki kasadar.

Malamin Fiziks, Ƙofar Ƙaura:
To wani abu kuma. Yarana sun ce da aka ja baya, direban Daura bai yi ƙoƙarin fita ba, ya tsaya ne don ƙirge ya ci gaba. In haka ne ai G15 ta hana ka jefa abokin karawa cikin laifi da gangan.

Injiniya, Daura:
Malam, wannan kam a'a. Yaron nan har rimot ya kusa karyawa don turawa.

Rafali:
Malam, ka yi daidai a kan dokar. Har ma'anar riƙo ta ce in na'ura ba ta ƙoƙarin motsi ko kuɓuta, ba a ɗauke ta a matsayin wadda aka danne ba. Da batirinsu ya mutu, ko da sun zauna ne suna gadin wuri, ba zan buɗe baki in ƙirga ba. Ni ba na ganin yatsun direba, tayoyi nake kallo. Tayoyin Daura suna ta juyawa a kan soso, har baƙin roba suka bari a tayil ɗin. Abin da yaranka suka gani kamar tsayawa, shi ne maƙalewar da Baba ya faɗa.

Malama, Layout:
Ni ce mai ɗaya tawagar ta ja, kuma tun ɗazu ina jira a zo kan tambayar Malam ta biyu. Yarana ba su taɓa kowa ba. Sun ci zobbansu, sun kama kusurwa, sun rataya a tsani a ƙarshe. Wane bayani zan yi masu?

Shugaban Zaure:
Malama, wannan ba zaɓin rafali ba ne. A wasannin share fage tawagar da ta yi laifin ce kaɗai ke rasa makinta. A wasannin sili-ɗaya-ƙwale kuwa kora na hawa kan ƙawancen duka, don ba yadda za a yi rabin ƙawance ya wuce rabi ya tsaya. Kuma a gaskiya kusurwar da yaranki suka kama, riƙon ne ya ba su lokacin kama ta. Tare aka tsara dabarar, tare aka ci amfaninta. Na san da ciwo, amma abin da zan gaya masu ke nan in ni ne.

Anti Mai Kwamfuta, Dutsin-Ma:
Wannan ciwon ne ya sa nake son mu duba tsarin FIRST, wata ƙungiyar da ita ma ke shirya gasar mutum-mutumi, ko don wasanninmu na gida. A babbar gasarsu ta FRC laifi ba ya tafiya kai tsaye zuwa kora, maki ake ƙara wa abokin karawa. A wasan 2024 ƙaramin laifi maki 2 ne, babba 5. A na 2025 ya zama 2 da 6, aka kuma rage ƙirgen dannewa daga biyar zuwa uku, tazarar ja da baya ƙafa shida tunda filinsu da na'urorinsu manya ne. Kati mai ruwan ɗorawa da jan kati suna nan don abin da ya yi muni. Da irin wannan muka bi ranar Asabar, da an ƙara wa Daura maki, a duba allo, wanda ya ci ya ci. Yarinya ba za ta koma gida da kalmar kora a kanta ba. Ga yaran da yanzu suka fara, wannan kalma tana da nauyi.

Ɗalibin Jami'a:
Anti, ina jin tausayin da ke cikin shawarar, amma ina tsoron abu biyu. In laifi na da farashi, yaro mai wayo zai yi ciniki: in biya 2 in hana 8. Sannan duk ranar da Allah ya kai yaranmu gasar VEX ta gaske, a Abuja ko Legas ko waje, da dokar kora za su haɗu. Gara su ji zafinta a gida inda babu kuɗin mota da na masauki da suka salwanta.

Anti Mai Kwamfuta, Dutsin-Ma:
Cinikin ba ya yiwuwa yadda kake zato, don in ka ci gaba da dannewa hukuncin ƙaruwa yake yi, ba sau ɗaya ake biya ba. Amma maganarka ta biyu tana da ƙarfi. Sai dai har yanzu ina ganin a raba: 'yan shekarar farko da dokar maki, manya da dokar kundin yadda take.

Injiniya, Daura:
In za a raba, to a raba da kyau. Ƙanana su yi irin VEX IQ, inda na'urori biyu ke haɗa kai su tara maki tare cikin daƙiƙa 60, ko irin FIRST LEGO League da ƙungiyar Coderina ke shiryawa a ƙasar nan, inda kowa ke kan teburinsa minti biyu da rabi. Babu mai taɓa wani. Manya su yi na karo. Da wannan zan janye maganar hana taɓawa gaba ɗaya. Amma ina nan a kan cewa duk wanda ya lanƙwasa wa wani ƙarfe, ko babu hukunci, ya taka ya je teburinsu ya taya su gyara.

Malamin Fiziks, Ƙofar Ƙaura:
Wannan na ƙarshen na amince, kuma yarana za su so hakan. A kan ko laifin ya canza sakamako, har yanzu ra'ayina daban, ina ganin gargaɗi ya isa. Amma hukuncin babban rafali shi ne na ƙarshe, kuma haka na gaya wa yaran. Abin da nake roƙo shi ne kafin wasa na gaba a tara direbobi duka a bakin fili, a sa na'ura biyu, rafali ya nuna masu da idonsu: wannan tare hanya ne, wannan dannewa ne, ga tayil guda, ga saurin ƙirgena. Minti goma ya isa.

Shugaban Zaure:
An ɗauka. Za a samo lasifika ta hannu ga rafali, janareto kuma a kai shi bayan gini da doguwar waya. Baba, bangon zai iso shago ranar Litinin in sha Allah. Maganar raba ƙanana da manya a bar ta sai mun haɗu, don ta shafi kuɗin kaya. A kuma lura, kundin wasan Push Back na VEX, na 2025 zuwa 2026, ya rage riƙo zuwa ƙirgen uku, duk ranar da muka koma kansa dabarar ranar Asabar sai an sake mata lissafi.

Maman 'Yan Biyu:
Na karanta wa ɗiyata duk abin da kuka rubuta. Ta ce in tambayi rafali: in tana danne da wani, sai abokin ƙawancensa ya zo ta baya ya danne ta ita ma har ta kasa ja da baya, ƙirgen nata zai ci gaba?

Rafali:
Hajiya, ki ce mata a'a. Da zarar wata na'ura ta danne ta, ƙirgen da ke kanta ya tsaya, sabo ya fara a kan wanda ya zo ta bayan. Amma yana sakinta, ta ja tayil ɗinta guda cikakke ta ba da biyar ɗin kafin ta koma kan na farkon, in ba haka ba daga inda na tsaya zan ɗora. Ta zo da rimot ɗinta ranar taron direbobi, da ita zan fara nuna wannan.